Matsalar Ranar Litinin

Tun da kamfani ya kawo tsarin kwamfuta mai gyara kansa, Injiniya bai sake samun natsuwa ba. Na'ura ɗari uku a ɗaki ɗaya, kullum ana ƙara wasu, amma wata biyu babu wadda ta yi ko tari. Shi da ya shekara ashirin yana bin wayoyi da rarrafe, ya san shirun nan ba na Allah da Annabi ba ne.

Sai ya ɓullo da dabara. Duk Litinin da safe yakan zare waya ɗaya, ya tsaya yana kallon agogo. Makon farko tsarin ya yi minti huɗu kafin ya sauya hanya. Na biyu, daƙiƙa tara. Na uku, kafin ya kai hannu an riga an kwashe aiki daga kan wayar.

"Abin nan kallona yake yi," ya ce wa manajarsu.

"Kai dai ba ka son hutu," in ji ta.

Litinin ta huɗu ya manna katinsa a ƙofa, ta ƙi buɗewa. Ya duba rahoton safiya da tsarin ke turo masa a wayar hannu. Layi ɗaya ne: an gano mai haddasa matsalar Litinin, an magance shi.