Fankar Da Ta Juya Wa Ɗaki Baya

Murtala na danna fankar, mahaifiyarsa Inna Jummai ta miƙa hannu ta kashe.

"A ɗakin mai jego? Ba dai ina raye ba."

"Inna, ki dubi yaron nan."

"Na dube shi. Wancan ma na dube shi."

Wancan shi ne ɗan Murtala na fari, wanda ciwon haƙarƙari ya ɗauke bara waccan tun bai fara zama ba. Inna ta ɗora laifin a kan iskar fanka, shi kuma Murtala bai taɓa iya rantsuwa cewa ba ita ba ce.

Ɗaki ɗaya suke haya a Gyadi-Gyadi, rufin kwano, ba silin. Ga zafin bazara, ga bargo da Inna ta toshe taga da shi. Matarsa Saratu ta fito daga wankan ruwan zafi, tana jingine da bango, gumi na bin wuyanta. Jaririn, Anas, yana naɗe cikin tawul da hula da safa. Ƙuraje sun feso masa a goshi, tun azahar kuma ya ƙi kama nono. Ko kukan kirki ba ya yi.

Saratu ta ɗago ido ta kalli mijinta. Ya ajiye fankar da ya sha wuya ya kai caji, ya fita.

Da adaidaitarsa yake raba wa shaguna burodi daga wani gidan burodi a Unguwa Uku. Yana tsaye jikin bango yana jiran lodi, sai wani huci ya dake shi a ƙeya. Ya waiwaya. Fanka ce a cikin rami a bangon, fuskarta na kallon titi, tana ta amayo zafin ciki. Ya zaga bakin ƙofa ya tsaya. Ya ji iska na jan rigarsa zuwa ciki.

"Murtala, lodinka fa!" in ji wani ma'aikacin gidan burodin.

"Ku ba wani."

Ana shirin kiran magariba ya iso gida. Waje ya fara hucewa, ɗakin kuwa kamar tanda. Bai yi shawara da kowa ba. Ya yaye bargon, ya ɗora fankar a kan taga, fuskarta waje, ya cusa kwali a gefe da gefe. Ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya ɗage labule.

Inna ta miƙe. "Ni kake nuna wa ban isa ba?"

"Kin isa, Inna. Kin ce kada ta hura su. To ga shi ta ba su baya. Zafin ɗakin za ta kwashe ta zubar a titi."

Ya danna.

Daga lungu maƙwabcinsa Ƙasimu ya ɗaga murya: "A'a, angon ƙarni! Mu ka saya wa fanka? Allah ya ƙara buɗi!"

Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Inna ta kama gefen mayafinta ta riƙe a saitin fuskar jaririn, tana jira ya kaɗa. Bai kaɗa ba. Ta daɗe a haka.

"Idan yaron nan ya yi tari," in ji ta, "ko sau ɗaya ne, kai da Allah."

"Na ji."

A hankali warin gumi da na man zafi suka ragu. Labule ya riƙa lanƙwasowa ciki. Saratu ta saci idon Inna ta zare wa yaron safa, sannan hula. Inna ta gani, ta kau da kai. Can sai aka ji ƙaramin sauti: Anas ya kama nono, yana haɗiya.

Inna ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofa, inda iskar ke shigowa, ta ce a nan za ta yi salla don ɗakin ya yi ƙunci.

Murtala ya fita zai tafi masallaci, amma bai wuce tagar ba. Ya tsaya a lungu, hucin ɗakinsa na dukan fuskarsa. Liman ya tayar da salla, shi yana nan tsaye, kunnensa a kan taga, yana sauraron ko za a yi tari.