Lambar da Ke Hannun Baba Haliru

Sa'adiya ce da kanta ta ɗaura wa mahaifinta, Baba Haliru, robar nan a wuyan hannu. A wani asibiti a Gusau aka ba ta, inda wata ƙungiyar lafiya ta ƙasashen waje ke wayar da kan mutane cewa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba, ba iska ba. Aka rubuta lambar wayarta a jiki, don duk wanda ya tsinci tsohon ya kira.

Ran kasuwar Tsafe Baba Haliru ya sulale daga Bungudu ya hau mota. A can ya yi fataucin dabbobi da ƙuruciya, yanzu kuma kansa ya koma can. Ya shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, yana tambayar mutane wa ke da garke babba, ta wace hanya yake koro shi. A garin da ɓarayin daji suka hana kowa barci, wa zai ji wannan ya ƙyale?

Wayarta ta yi ƙara ana azahar.

"Ga infomanku mun kama a kasuwar Tsafe," in ji wata murya. "Har lambar iyayen gidansa ya ɗauro."

Ta yi rantsuwa, ta yi magiya, aka kashe wayar. Tsoro ya kama ta har ta fito ba takalmi, ta tari motar Tsafe.

Da ta isa, an riga an kai shi ƙasa. Samari majiya ƙarfi, ko kunya babu, sun rufe tsoho da gora da belt ɗin mashin. Goshinsa ya fashe, jini ya jiƙe gemun. Wani ya taho da galan ɗin fetur.

Ta ratsa su ta faɗa kansa. Gora ta sauka a bayanta, ta biyu ta karya mata yatsu.

"Ubana ne, ku kira lambar," take ihu. "Ku sake kira ku gani."

Wani dattijo ya kira. Wayar ta yi kuka a cikin zanenta, gaban kowa. Hannuwa suka yi sanyi, mai fetur ya ja da baya.

Baba Haliru ya yunƙura da ƙyar, ya ja yagaggiyar rigarsa ya lulluɓe ta.

"Ku bar ta hakanan," ya ce. Sannan ya dube ta da tausayi. "Yarinya, ɗiyar wa ce ke, in kai ki gida?"