Askin Ƙafa Ɗaya

Abin da ya fi ƙona wa Guguwa mai aski rai shi ne ba a filin ƙwallo ya ji ciwon ba. Silifas ɗin matarsa ya zura zai kwaso tawul a igiya, ƙafa ta gurɗe a bakin ƙofa. Mutumin da gudu ya ba shi suna, sai ga shi zaune daɓas yana kiran wayyo.

Kumburi ya sace, amma idon sawun ya daina riƙon amana. Da ya ɗan taka da ƙarfi sai ya karkace. Kyaftin ɗin ƙungiyarsu ta 'yan shaguna, wani mai gidan burodi, ya karɓi rigar Guguwa mai lamba bakwai ya ara wa Dogo. Dogon nan kuwa ƙanin matar Guguwa ne, kuma ba shi da ta ido. Da rigar yake zuwa cin abinci gidan yayarsa, har ya ɗiga mata miya. Guguwa ya ga ɗigon nan, ya ji kamar a ƙirjinsa aka zuba.

Likitar ƙashi ta ce masa, "Ka riƙa tsayawa a kan ƙafar mai ciwon ita kaɗai, kullum, har ta koyi riƙe ka."

Baiwar Allah ba ta ce a ina ba. Guguwa kuwa a shago yake wuni, sai ya ɗage lafiyayyar ƙafar kamar zalɓe, ya kunna kilifa. Duk lokacin da ya yi tangaɗi, layin goshin mai zama ya bi shi. Kafin a ankara, mazan unguwar duk sun zama masu karkataccen goshi: direba, mai kanti, har malamin makaranta. Hula ta yi kasuwa.

Matarsa ta daina tambayarsa ya jiki. Taga take leƙawa ta duba kawunan masu wucewa.

"Maigida, da sauƙi," in ji ta wata rana. "Na ga mai kanti, kunne ɗaya kawai ka ɗan hau."

Ana gab da babban wasa, Guguwa ya nemi rigarsa. Kyaftin ya zo shago da Dogo a bayansa.

"Ba na son dogon zance," in ji kyaftin. "Ka yi aski a ƙafa ɗaya. In layi ya miƙe, riga taka ce. In ya karkace, ta zama ta Dogo."

"To zauna mana."

Kyaftin ya shafa sanƙonsa. "Ni me za ka aske? Dogo, hau kujera."

Dogo ya zauna yana murmushin mugunta. Da kilifa ta matso goshinsa sai ya yi atishawa. Ta sake matsowa, ya waiwaya wai an kira shi. Daga nan ya sa ƙafa ya tura kujerar, ta shiga juyawa da shi.

"Tsaya, ɗan banza!"

"Yaya, ni ma ba laifina ba ne, kujerarka ce ba ta da tarbiyya!"

Zuciya ta ɗebi Guguwa. Ya bi kan da tsalle a ƙafa ɗaya, ya kewaya hagu, ya yanko dama, ya tsallake wayar kilifa, ya kauce wa bokitin shara, yana kai sara duk inda ya samu gashi. Da ƙura ta lafa, kan Dogo ya koma kamar gonar da awaki suka kwana a ciki.

Guguwa ya dubi aikinsa. Ko makaho ya shafa ya san babu layi a nan.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Ya riƙe rigar."

Kyaftin yana share hawayen dariya ya nuna ƙasa. "Kai, dubi abin da kake tsaye a kai."

Guguwa ya duba. Har yanzu lafiyayyar ƙafar tana sama. Mai ciwon ce ta yi duk wannan zagaye da shi, ko gezau, kuma shi bai ma tuna da ita ba. Da ma a ransa ya riga ya fid da tsammanin zai sake gudu.

"Dogo, tuɓe," in ji kyaftin.

Dogo ya tuɓe rigar, yana kallon madubi kamar zai yi kuka. "Yaya, to kaina fa?"

Guguwa ya rungume rigarsa, da ɗigon miyar da komai, sannan ya sauke ƙafa.

"Zauna in gyara maka," ya ce. "Yau da ƙafa biyu zan yi."