Ƙidayar Ranar Alhamis

"Zayyad, ka ga waccan farar bas ɗin?" in ji Malam Maikano, yana nuna hanya da biro.

Na ɗago daga keken ɗinkina na duba. Ban ga komai ba sai taɓo da akuya ɗaya.

"Wacce, Malam?"

"Ga babura ma a bayanta. Kai, yau an cika."

Maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin awon hanya. Gwamnatin jiha tana tsara kuɗin da za ta kashe wa hanyoyi nan da shekara goma, sai aka ba shi takarda ya ƙirga abin hawan da ke bi ta ƙauyenmu zuwa Kwanar Dangora, kwana bakwai. In an samu ɗari da hamsin a yini guda, hanyarmu ta shiga tsarin. In ba haka ba, sai wata shekara goman. Abin haushin, da damina aka aiko, lokacin da ko ɗan acaɓa sai ya yi shahada yake shigowa. Ranar farko goma sha tara ya samu.

Mun roƙe shi ya ƙara adadin. Har 'yarsa Nusaiba, wadda ta yi ɓari a kan hanyar nan bara, ta yi masa kuka.

"Abin da ban gani ba, ba zan rubuta ba," ya ce. Wallahi kamar in fizge takardar.

To ga shi ran Laraba, kwana na shida, mai taurin kan nan yana gaisawa da motocin da babu su. Na taɓa hannunsa, sanyi ƙalau. Tsoro ya kama ni. Muka kai shi ɗaki, yana idar da magariba a zaune ya cika.

Da safe, bayan mun dawo daga maƙabarta, Nusaiba ta aiko mini da takardar, wai in ƙarasa masa aikinsa. Na buɗe. Layin Laraba babu komai. Layin Alhamis kuwa, wato ranar da muke ciki, an riga an cike shi da rubutunsa: ɗari da hamsin cif.

Na zauna a bencinsa, na juya bayan takardar na fara jan layi ina ƙirga abin hawa. Ashe masu jana'iza ma sun bar babura talatin a gindin tsamiya. Sai masu ta'aziyya suka fara ɓullowa, daga Kiru, daga Bebeji, har Doguwa inda ya taɓa aiki, suna tura babura cikin laka, wanduna a naɗe. Wajen azahar wata farar bas ta maƙale a kwari, fasinjojinta suka turo ta.

Rana na faɗuwa ina da ɗari da arba'in da tara. Hanya ta yi tsit. Ladan ya fara gyaran murya.

Sai na ji ƙarar babur ɗaya, a hankali, daga wajen maƙabarta, inda ko turbar shanu babu. Na ɗora bakin biro a kan takarda, ina kallon dawar da ke motsi.