Mutum Ɗaya, Ƙungiya Ɗaya

Hephzibah tana cikin auna wa wata mata acca, mudu na uku ke nan, sai Monday ya faɗo rumfarta yana haki kamar an biyo shi. Bai ko jira ta gama ba ya ce ta ɗaure buhu ta taso, mota na jiran ta a bakin titi. Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa. Monday shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Taurarin Narayi, mutumin da duk kasuwar Sabon Tasha ta san shi da gajeren wando da usur a wuya. Yau kuwa ga shi cikin kwat mai faɗin kafaɗa, wadda da gani ka san ta aro ce.

"Wa ya mutu?" in ji ta.

"Ba wanda ya mutu, Mama. Arziki ne ya zo. Sa hannunki kawai ake jira."

Sai da ta gama awo, ta yi wa matar gyara, ta ɗaure mata leda, sannan ta ba shi kunne. Labarin ya zo a hargitse, amma ta tsinci kansa. Chif Nuhu Tagwai ne yake son sayen ƙungiyar, ɗan kwangilar nan da ya yi ƙiba a zamanin soja. Tun da soja suka miƙa mulki watan jiya ya ajiye kwat ɗin safari ya koma babbar riga, kuma duk inda jama'a suka taru sai ka ga motarsa. Kwamitin ƙungiya ya zauna da shi har sau biyu, an ci tsire, an amince. Ya yi alkawarin bas, da takalma, da alawus, da katange filin Narayi. Yau da safe suka ɗunguma ofishin Gasar Ƙetaren Kogi da ke Kakuri don a rufe magana, sai sakatare ya buɗe tsohon fayil ya ce duk cikinsu babu mai ƙungiyar. Sunan da ke takarda na Hephzibah Jethro ne.

Sai a lokacin ta tuna. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, mijinta marigayi Jethro yana malamin makarantar gwamnati, aka yi ta raɗe-raɗin cewa soja za su kori duk ma'aikacin da aka samu yana riƙe da wata harka a waje. Ya kawo mata takardar ƙungiyar da ya kafa tana tsakar wanki, ta karanta, ta goge hannu a zani ta sa hannu. Daga ranar babu wanda ya sake tayar da zancen, har ita kanta.

Dariya ce ta fara zuwa mata, daga baya kuma abin ya yi mata ciwo. Shekara goma sha huɗu tana wanke riguna, tana dafa wa yara shinkafa ranar wasa, tana gasa musu targaɗe da ruwan zafi, amma da aka zo sayar da ƙungiyar ko tsinke ɗaya na tsiren ba a aiko mata ba. Duk da haka ta yafa gyalenta da niyyar sa hannu. Ta fi kowa sanin halin da ake ciki. Tun rasuwar Jethro ƙungiyar take jan ƙafa, 'yan wasa uku mafi kyau sun gudu, sauran kuma karɓa-karɓar takalmi suke yi. In ba a samu mai tallafa mata ba, da wuya Taurari su ga baɗi, kuma ita ce kaɗai abin da mutumin nan ya bari a duniya da ake kiran sunansa a kai. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa ta bi Monday.

An yi ruwa da asuba, hanyar Kakuri duk kududdufai, amma motar Chif ta yi ta ratsa su ba ta ko girgiza. Suka wuce ƙofar masaƙar da Hephzibah ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki, har ta zama wakiliyar mata a ƙungiyar ƙwadago. A can ta koyi wata ɗabi'a da manajoji suka tsana: duk takardar da aka ba ta, sai ta miƙe tsaye ta karanta ta da ƙarfi kowa ya ji. Monday bai san wannan ba. Shi a wurinsa Maman Debby mai acca ce, mai wanke riguna.

Ofishin yana saman wani kemis. Chif bai bari ta hau ba, a ƙasan bene ya tare ta, fuska sake, turare na tashi. Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekara biyu, sannan ya rage murya ya ce akwai 'yar ƙaramar matsala. Dokar gasa ta hana mutum ɗaya mallakar ƙungiya biyu, shi kuwa yana da Zakunan Kakau. Ga shi ranar Asabar Zakuna da Taurari za su kara, wanda ya ci shi zai hau gasar jiha. Don haka ya zo da takarda biyu. Ta farko ita za a kai sama, ta ce har yanzu ita ce mai ƙungiya. Ta biyu kuwa tsakaninsu ce, ta sa mata hannu a nan kan bonet ɗin mota, ba sai kowa ya gani ba.

"Sunanki yana nan daram, Madam," in ji shi. "Ni dai wahalar ce tawa."

Ta karɓi takardun biyu, ta ce idonta ba ya gani sosai a duhun ƙasan bene, ta kama ƙarfen bene ta fara hawa. Ba yadda suka iya, suka biyo ta.

Sakataren gasar, Malam Ebenezer, tsohon alƙalin wasa ne, ramamme, tabarau ɗaure da zare. Ana ba da labarin ranar da ya ba ɗan wansa jan kati, ya kuma je gidansu cin tuwo da yamma. Ya ba ta kujera, ta ce a'a, ta gyara tsayuwa ta fara karatu. Ta gama ta farko lafiya. Da ta shiga ta biyu, Monday ya fara tari, ya taka mata ƙafa, ta janye ƙafar ta ci gaba. Takardar ta ba Chif ikon zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna a benci, da wanda za a sayar, da filin da ƙungiyar za ta kira gida. Ta karanta har kwanan wata.

Malam Ebenezer ya cire tabarau ya goge. Ya ce da bai ji ba da wata magana ce, amma ya ji da kunnensa, kuma doka ta tara, mai hana mallakar ƙungiya biyu, ba suna kaɗai take dubawa ba, har da wanda yake juya ƙungiyar. Ya ce an rubuta ta ne saboda irin wasan ranar Asabar, don kada mutum ɗaya ya zauna a ɗaki ya yanke wanda zai ci.

Hephzibah ta juya ga Chif. Ta gaya masa gaskiya cewa ba ta zo don ta hana ciniki ba, yaran suna bukatar mutum irinsa.

"Amma an ari sunana sau ɗaya, ranka ya daɗe, na kuma ga yadda ake manta mai shi. Ba zan sake ba da aro ba. In kana so, ka saya da sunanka, kowa ya sani."

Tana faɗa ta tabbata ta kashe maganar. Wa zai bar ƙungiyar da ya raina saboda ta wasu? Sai ga Chif yana dariya har tumbinsa na rawa. Ya tambayi sakatare abin da ake yi in mutum zai saki ƙungiya. Malam Ebenezer ya ce fom ɗaya ne, a sa hannu, a buga hatimi, ƙungiyar ta koma hannun kwamitin garinta. Sai an yi wannan tukuna za a iya rubuta masa wata. Ya ƙara da cewa Chif ya yi tunani, don wanda ya saki ba ya komawa sai bayan kakar wasa guda.

"Kawo fom," in ji Chif.

Bai karanta ba. Ya zaro biro mai ruwan zinari ya zana hannu, hatimi ya sauka, kan ka ce kwabo Zakunan Kakau ba su da uban gida. Monday bakinsa har kunne, ya shiga tafi shi kaɗai. Sakatare ya sa sabuwar takarda a tafireta ya buga ta da yatsa biyu, mai cewa Hephzibah Jethro ta sayar wa Nuhu Tagwai, ba ɓoye ba rufi. Ta karanta ta da ƙarfi, ba ta ga aibu ba. Ta zauna, Chif ya miƙo mata bironsa da kansa.

Don a cika shiru ne kawai ta tambaye shi shekara nawa ya yi da Zakuna. Ya ce bakwai, shi ya kafa su. Ta ce yaran sun sani? Ya ce za su ji. Ganin tana kallonsa, sai ya ɗauka tabbaci take nema, ya shiga yi mata albishir. Yau da yamma direba zai je Kakau ya ɗauko bas da riguna da ƙwallaye, gobe a yi wa bas ɗin sabon fenti, ranar Asabar Taurari su shiga fili a cikinta.

"Kakau ƙauye ne, Madam, mutum nawa ne a can? Narayi ce ke cika. Ko'ina gini. Can jama'a suke."

Hephzibah ta san yaran Kakau. Manoma ne yawancinsu, daga gona suke wucewa fili. Golansu dogo ne mai in'ina, duk wasan da aka haɗu sai ya ƙetaro ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya shiga raga. A daidai wannan lokaci wataƙila suna can suna shirin Asabar, ba su san an gama da su a saman kemis ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun tana asibiti da Jethro. Unguwanni cika suke yi kullum a wannan gari. Baɗi ko baɗin baɗaɗa wata za ta fi Narayi jama'a, kuma fom ɗin nan guda ɗaya ne, tana kallo aka cika shi.

Ta mayar wa biron murfinsa, ta ajiye shi a gaban Chif.

"Na fasa," in ji ta.

Da farko ya ɗauka ciniki take ja, ya ce ta faɗi abin da take so a ƙara. Ta ce ba ƙari take nema ba. Da ya gane da gaske take, fara'ar ta ɗauke. Ya ce yaudara ce, an haɗa baki. Ta ce Allah ya sani ta hau benen nan da niyyar sa hannu, shi ne ya sauya mata ra'ayi da bakinsa. Ya juya ga sakatare ya ce a ba shi fom ɗinsa ya yaga. Malam Ebenezer ya riga ya sa shi a fayil ya ɗaure da igiya. Chif ya tambaye shi ko ya san da wa yake magana. Tsohon ya ce ya sani sarai. Ya ce da a bara ne, ya san takarda za ta zo daga bariki kafin la'asar, amma bana sai dai Chif ya rubuto ƙorafi, kwamitin gasa zai zauna ƙarshen wata. Chif ya tattara babbar rigarsa ya sauka, bene na amsawa.

Da suka fito babu mota, sai sawun taya a cikin taɓo. Monday ya cire kwat ya rataya a kafaɗa, idonsa ya yi ja. Ya ce ta kashe ƙungiyar, ta kashe yaran, me zai je ya ce musu bayan ya riga ya auna ƙafar kowa don sababbin takalma? Ba ta yi masa faɗa ba, don ita ma abin yana cin ta, kuma ba ta da tabbacin cewa bai fi ta gaskiya ba. Ta ce ya gaya musu yadda aka yi, kada ya rage kada ya ƙara. Gobe ƙarfe huɗu za ta zo fili da kanta. Taron kwamiti kuma daga yau a falonta za a riƙa yi, wanda bai ga dama ba ya zauna a gidansa.

Suka tsaya bakin titi. Bas ta zo kwandasta na kiran Sabo da Narayi, Monday ya kama ƙofa ya juyo yana jiran ta, ta ce ya hau. Bayanta wata bas ta tsaya, tsohuwa, cike da mata da buhunan taki, mai bin hanyar Abuja. Hephzibah ta tattare zaninta ta nufe ta.

"Mama, ba motarmu ba ce wannan," in ji Monday. "Kakau za ta."

"Na sani. Ni na ja musu. Gara su ji daga bakina kafin direban nan ya isa."

Wata mata ta matsa mata, ta zauna a gefen buhu, kwandasta ya buga jikin mota suka tashi.