Fiyar Inna da Gwangwanayen Auta

"Ga 'ya'yanta nan a jere, Yaya. Me kuma ya rage?"

Auta ne ya faɗa, yana nuna gwangwanayen fenti da ya jera a gindin katanga, kowanne da ɗan tsiron fiya mai jan ganye. Tun hantsi suke abu ɗaya shi da yayarsa Malama, a tsakar gidan da Inna ta rasu ta bar musu, ƙarƙashin ita bishiyar da ake rigimar a kanta. Mai injin zarto yana zaune kan bulo, ya rungume injinsa kamar jariri, yana jira a gama ya tayar.

Maganar dai ba ta da tsawo. Matar Auta ta yi nauyi, ɗaki ya yi musu kaɗan, yana so ya ƙara ɗaya kafin damina ta kankama. Fili kuwa babu sai inda fiyar take, kuma magini ya ce saiwarta za ta fasa harsashi, sai an cire ta ɗungurungum. Ita Malama, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ba ta ce kada a sare ba. Cewa ta yi a jira bayan damina. Wannan jiran ne Auta ya ce bai san zancen ba.

Fiyar nan fa ba irin ta kasuwa ba ce. Ƙwallonta ƙarami, namanta kamar man shanu, babu zare ko ɗaya. Wurin wani tsoho mai renon itatuwa Inna ta samo ta, shi ma ya daɗe a ƙasa, ba wanda ya san sunan irin. In ta faɗi yau, shi ke nan, sai labari. Auta ya san haka, shi ya sa tun da aka yi rasuwar duk fiyar da ya ci sai ya wanke ƙwallon ya binne a gwangwani. Mutumin da ko kofin shayinsa ba ya ɗaurayewa, sai ga shi kullum da sassafe da butar ban ruwa.

Malama ta gyara zaman tabarau. Duk wanda ya san ta ya san in ta yi haka an shiga aji, ko a gidan biki ne. Ta ce masa jikin bishiya, da nasa, da na kazar da ke tone-tone can, duk ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Ita tana nuna wa ɗalibanta su a madubin ƙara girma, a bakin saiwar albasa. Ƙwaya za ta ci ta ƙoshi, ta kwafe duk abin da ta gada ya zama biyu, ta duba ko ta yi kuskure, sannan ta tsuke ƙugu ta rabu. Biyun nan kamar an tsaga kara. Haka reshe yake tsawo, haka ciwo yake warkewa. Saboda haka kowane reshe na bishiyar nan, ita ce da kanta, ba ƙari ba ragi.

Auta ya ce to ai ta gama masa magana, ƙwallo ma daga jikinta ya fito.

Ta ce a nan ya yi tuntuɓe. In aka zo wajen fure, wata rabuwar ake yi dabam. Ƙwayar sai ta gauraya gadonta tukuna, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani an girgiza, sannan ta ba da rabi kawai. Ɗaya rabin daga uba yake zuwa, ƙudan zuma ne ke ɗauko shi a ƙafa daga wani furen. Ko da furen bishiyar ne ya ba ɗan'uwansa, girgizawar nan sai an yi ta.

"Dube mu mana," in ji ta. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ga ni kamar sandar rake, kai kuma sai ka taka bulo kake leƙa katanga."

Mai zarto ya sunkuyar da kai yana goge injin da ba ƙura a jikinsa.

Auta ya tambaya, cikin gatse, wane ne uban tsire-tsiren nasa to, tunda ta san asirin kowa. Malama ta ɗaga haɓa ta nuna bayan katanga, inda fiyar maƙwabcinsu Mai Faci ta leƙo da rassanta. Kowa a layin ya san wannan fiyar, ko yara ba sa wahalar jifanta. Kowa kuma ya san Inna da matar Mai Faci sun shekara ba sa ga maciji a kan igiyar shanya, har Inna ta koma ga Allah gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki ba.

"Wato kina so ki ce bishiyar Inna ta haɗa zuri'a da gidan Mai Faci?"

"Ƙudan zuma ba su san an yi faɗa ba, Auta."

Nan ya hau. Ya ce boko ne ya yi mata yawa, komai sai ta sa masa madubi. Ya ce shi idonsa ya gani: ganye iri ɗaya, ƙamshi iri ɗaya, in ta ga dama ta murza ta shinshina. Ya ce kuma ba yau ya fara ba, tun Inna tana raye ya dasa wa Goggo guda ɗaya daga ƙwallon bishiyar nan, ga ta can ta yi 'ya'ya, a tambaye ta.

Goggo, ƙanwar mahaifinsu, tana zaune a inuwa tun ɗazu. Wai ta zo duba mai ciki ne, amma ko ƙofar ɗakin ba ta kai ba, ta ja kujera inda za ta ji komai. Da aka ambace ta sai ta shiga neman bakin mayafinta. Malama ta juya ta zuba mata ido, irin kallon da take yi wa ɗalibar da ta ɓoye cingam a kunci.

Goggo ta ce ita fa ba ta son shiga tsakanin harshe da haƙori. Bishiya kam ta yi kyau, ga inuwa, ga tsawo, har maƙwabta na yabawa. Malama ta ce ba inuwa aka tambaya ba.

"To, ɗan nan, tunda ka kira ni shaida," in ji Goggo. "Ruwa ce tsululu. Ga zare kamar ana cin igiya. Akuyata ma sai ta yi tunani kafin ta sa baki."

Auta ya ce amma duk lokacin da ya tambaye ta cewa take madalla. Ta ce ai madalla ɗin da kyautar take yi. In ba haka ba, me yake tsammani yake kawo ta gidan nan da kwando duk lokacin fiya, kyawun fuskarsa?

Auta ya tsuguna gaban gwangwanayen, ya sa yatsa yana taɓa ƙasar ɗaya ko ta bushe. Malama ta dube shi ta baya, ga sanƙo ya fara cin tsakiyar kansa, amma ita yaron da ta goya take gani. Ta gane zafin da yake ji ya wuce na ɗaki. Duk safiyar da ya fito da buta, a ransa Inna yake shayarwa, yanzu kuma an ce masa jikokin Mai Faci yake raino.

Ta sassauta murya, amma ba ta janye ko taku ɗaya ba. Ta ce wahalarsa ba ta faɗi ƙasa ba, don in babu gwangwanayen nan ita ma ba ta da dabara. Aure za a yi musu. A yanko ɗan reshe daga bishiyar Inna, a fere shi, a tsaga karan tsiron a cusa, a ɗaure da leda tam. Ƙwayoyin nan da na can su yi ta rabuwa har su haɗe su zama jiki ɗaya. Saiwa tasa, sama ta Inna, fiyar da za ta fito kuma ita ce wadda suka sani.

Ya ce ba tare da ya juyo ba, to ta yanka yanzu mana, mai zarto ya yi aikinsa.

Ta ce ya dubi karan nasu, kamar tsinken tsintsiya, ina za a tsaga? Sai sun kai kaurin fensir, kuma ba za su kai ba sai sun sha damina. Reshe kuwa in an yanke shi kwana kaɗan yake yi ya bushe, ba ya jiran kowa. Dole uwar ta tsaya da ƙafarta har ranar. Shi ke nan abin da take nema tun safe.

Mai zarto ya yi gyaran murya ya ce, maigida, rana tana yi, yana da wani aikin a gaba. A tayar ko a bari?

Auta ya miƙa hannu. Ya shafa ganyen tsiro mafi tsawo, wanda ya kusa kai masa gwiwa, ya tambayi yayarsa wannan saman nasu fa, ina za a kai shi in an sa reshen.

"Fille shi za a yi," in ji Malama. "Duka. Ɗan taƙi ɗaya za a bari."

Goggo ta ce kai, ita ma Malama da ta bari ya huce tukuna. Malama ta ce gara ya ji yau da ya gan ta da reza a ranar ya ce ba a gaya masa ba.

Auta ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwar wandonsa. Ya dubi tulin bulo, ya dubi ƙofar ɗakin da matarsa ke ciki, labule yana ɗan motsi alamar ba barci take ba. Sannan ya ɗaga kai ya dubi bishiyar tun daga gindi har ƙololuwa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗauki injinka," ya ce da mai zarto. "Sai bayan damina."

Ya juyo wurin Malama, idonsa ja. "Ke za ki gaya wa magini. In jariri ya hana mutane barci, gidanki zan kawo manyan yarana. Kuma ranar da za ki fille su, kada ki neme ni."

Ta ce ta ji, ta kuma yarda. Ta ƙara da cewa kada ya daina ban ruwan, amma ya rage hannu, ya huda gindin gwangwanayen can na ƙarshe, ruwa yana kwanciya.

Bai tsaya jin sauran ba. Ya zura takalmansa a hagunce, ya ratsa tsakanin bulo da Goggo, ya fita, ya bugo ƙofar ƙarfen da ƙarfin da sai da sakatar ta yi tsalle.