Farin Safsarin Mabruka

Nunzia ce ta kunyata Mabruka, kuma ta san ita ce. Duk wanda ya ce ba haka ba, bai je cocin ba.

Tun da mijin Mabruka ya kawo ta garin Mazara na ƙasar Turawa daga garinsu Mahdiya, ƙofarta ke kallon ta Nunzia. Mazajensu jirgin kamun kifi ɗaya suka yi wa aiki har suka rasu. Su matan ba sa jin yaren juna, da hannu suke hira ta taga, amma ba wanda ya taɓa jin kansu.

Da bikin auren Ninfa jikar Nunzia ya matso, Mabruka ta ce ba za ta shiga cocin mutane da ka ba. Ta zaunar da 'yarta Salwa.

"Koya min yadda ake tambayar kayan da za a saka, da yarensu."

"Inna, ki bari in tambayo miki mana."

"Ƙawarki ce ko tawa?"

Salwa ta koya mata: "Come devo vestirmi?" Wato wane irin kaya ya kamata in saka. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta yi ta nanatawa, tana fiɗar kifi tana yi, tana shanya tana yi, har mai kawo gas ya amsa mata wata rana, ya ce na jikinta ma sun yi.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar Nunzia, ta faɗa tiryan-tiryan. Nunzia ta rungume ta, ta sumbaci kumatunta, ta ba ta gajeriyar amsa. Mabruka ta riƙo amsar a baki har gida, ko gaisuwa ba ta amsa ba don kada ta zube.

"Ta ce yadda kike so," in ji Salwa, da uwar ta maimaita mata amsar.

Ran biki Salwa na wurin aiki. Mabruka ta ciro safsarin mahaifiyarta, farin mayafin siliki da ba a fito da shi sai don wanda ake girmamawa, ta lulluɓa tun daga kai har ƙafa. Masu farin kaya biyu ne a cocin nan, ita da amarya. Uwar ango ta ƙare mata kallo. Mai hoto ya ja ta bayan ginshiƙi. Wata da ba ta sani ba ta yafa mata baƙin gyale mai warin taba. Nunzia na layin gaba, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Inna, kowa ya san fari na amarya ne," in ji Salwa da yamma.

"Da na sani zan tambaya?"

"Ai abin da kowa ya sani ba a faɗa."

"To uban me tambayar taki ta tsinana min?"

Yanzu Amarya matan layin suke kiranta. Mai burodi har tambayarta yake ina ango. Nunzia kuwa ta rufe taga, wai dangin ango sun ji haushi.

Mabruka ba haƙuri take so a ba ta ba. Ta yi tambaya yadda ake yi, da yarensu, an amsa mata, ta bi amsar. Ta kafa kujera a ƙofar Nunzia, ta ce a can za ta riƙa tsince wakenta. So take Nunzia ta fito, ta tsaya gaban matan layin nan, ta maimaita musu da bakinta abin da ta ce a saka.